Ɗana ya sayi gida a Ingila, an ce sai ya sake biya don ƙara shekaru

Ɗan Tawa:
Assalamu alaikum. Ɗana da ke aiki a Landan ya sayi sashe guda a cikin wani bene shekaru shida da suka wuce, yanzu kuma ya ce mini saura shekara 81 a takardarsa, kuma mai filin ya nemi fam 14,000 kafin ya ƙara masa wa'adi, abin da ya haura miliyan goma na sefa. Ni a sanina idan mutum ya biya kuɗin gida ya karɓi takarda, to gida ya zama nasa da na jikokinsa. Ya roƙe ni taimako, har ina tunanin sayar da filina na nan Tawa, amma ina tsoron kada a ce cutarsa ake yi.

Hajiya daga Yamai:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba cuta ba ce, haka tsarin yake a Ingila. Wanda ya sayi sashe a bene, galibi haƙƙin zama na wasu shekaru ya saya, 99 ko 125, ƙasar da ginin kuwa na wani ne, kuma kullum wa'adin ya ragu darajar sashen na raguwa, har bankuna su fara ƙin ba masu saye bashi a kansa.

Sai dai ɗanka ba roƙo yake yi ba. Dokar 1993 ta ba shi ikon tilasta wa mai filin ya ƙara masa shekara 90 a kan abin da ya rage, a kuma soke kuɗin ƙasa da yake biya duk shekara. Lauyansa zai aika sanarwa ƙarƙashin sashe na 42 na wannan doka tare da farashin da ya ga ya dace, a ba mai filin aƙalla wata biyu ya amsa, idan ba su daidaita ba sai kotun kadarori ta yanke. Bayan farashin, zai biya lauyansa da mai kimanta gida, ya kuma biya na mai filin gwargwadon abin da ya dace, kuma ana iya neman ya ajiye kashi 10 cikin ɗari na farashin tun farko.

Abin da ya fi damuna shi ne 81 ɗin nan. Da zarar wa'adi ya faɗi ƙasa da shekara 80, ana lissafa ƙarin darajar da sashen zai samu saboda tsawaitawar, a ba mai filin rabi. Ranar da aka miƙa sanarwa ita ce ranar lissafi, don haka ya miƙa ta kafin ya kai wannan iyaka.

Malamin makaranta, Yamai:
Hajiya, a gafarce ni, ai an yi sabuwar doka a 2024 wadda ta kai ƙarin zuwa shekara 990, ta kuma soke wannan rabin. Me zai hana yaron ya jira?

Hajiya daga Yamai:
Gaskiya ne, Malam, majalisa ta zartar da ita, amma ba duka sassanta suka fara aiki tare ba. Sharaɗin mallakar shekara biyu kafin neman ƙari an cire shi a Janairun 2025, batun farashi kuwa an bar shi sai gwamnati ta fitar da ƙa'idojin lissafi. Jiran zai iya amfanar wanda ya riga ya faɗi ƙasa da 80. Shi wannan yaron a yau ba a bin sa rabin ko kaɗan, idan kuma ya jira ƙa'idojin suka yi jinkiri, ya jawo wa kansa kuɗin da bai hau kansa ba. Ni da ɗana ne, ba zan bari ya jira ba.

Alhaji, ka tambaye shi wannan 14,000 ɗin ta wace hanya ce. Idan tayin baki ne kawai daga mai filin, yana iya zama shekaru kaɗan za a ƙara, kuɗin ƙasar kuma ya ci gaba har ƙarshen tsohon wa'adin. Ya ɗauki mai kimantawa nasa na kansa kafin ya amince, kuma akwai hukumar LEASE da ke ba da shawarar farko kyauta. Kada ka taɓa filinka tukuna. Ya fara tambayar bankin da ya ba shi bashin gidan ko zai ƙara masa.

Ɗan Tawa:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Na kira shi bayan sallar isha'i, ya duba takardar, ashe shekara 80 da wata tara ne suka rage, kuma tayin ta waya aka yi masa, ba a rubuce ba. Ya ce ranar Litinin zai nemi lauya.