Na dawo daga hajjinmu, ba wanda ya ce mini sannu da hanya

Sista ta Tabuk: Salama alaikum mutanen gida mazauna Saudiyya. Ina da ƙorafi, yau kuma sai na amayar da shi. Duk wanda ya sauke farali a zauren nan, ko umara ya yi ya sa hotonsa da harami, ni ce kan gaba wajen cewa Allah ya karɓa. Ni kuwa yau kwana 5 da dawowata daga hajjinmu na Urdun, na zuba hotuna har 12, mutum 2 kacal suka tanka. Da kyar na samu hutu da bizar fita da dawowa, na tashi zuwa Amman na tarar da ayarin cocinmu da suka taso daga Jos, har da mahaifiyata. Mun hau Dutsen Nebo, ina riƙe da hannun Mama saboda ciwon gwiwa. Fasto ya buɗe Maimaitawar Shari'a sura 34, inda Musa ya tsaya ya hango ƙasar alkawari amma bai taka ta ba. Akwai hazo ranar, Yariko ma sai ɗan kore-kore muke gani can ƙasa. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, don Babana ne ya faɗo mini a rai, shi da ya sayar da gonarsa ya biya mini makarantar jinya, ya rasu saura wata 2 in karɓi albashin farko. Washegari aka kai mu Magtas, wurin da Yohanna ya yi wa Yesu baftisma. Kogin Urdun ɗin da nake zaton teku ne, ashe rafin garinmu da damina ya fi shi faɗi, ruwan ja kamar kunun kanwa. A bakin ruwan nan muka ta da waƙa da Hausa. Wata 11 rabona da in buɗe murya in yi waƙar sujada, kullum sai dai a ɗaki da abin saurare a kunne. Na tafi bangaskiyata ta yi sanyi, na dawo tana ci kamar wutar kara. Duk Kiristan da ya samu hali ya je, ba ya dawowa yadda ya tafi. Abin da na so mu yi murnarsa tare ke nan.

Baban Tagwaye, Riyad: Sannu da hanya Sista, a yi mana afuwa, aiki ne ya sha kanmu. Allah ya jiƙan Baba.

Ɗalibin Madina: Anti barka da dawowa. Amma gyara kaɗan, don Allah kada ki ji haushi. Ba a cewa hajji sai wanda aka yi a Ɗakin Allah. Hajji yana da wata, yana da miƙati, yana da tsayuwar Arfa ran 9 ga Zulhajji. Naki ziyara ce.

Sista ta Tabuk: Ƙanena, duk abin da na rubuta kalma ɗaya ka gani?

Ɗalibin Madina: Kalmar ce mai nauyi Anti. Mu kanmu in mun zo Madina ba ma cewa mun yi hajji, ziyara muke cewa, alhali Masallacin Annabi ne.

Injiniya Ɗan Filato, Dammam: Malam, kalmar ba a Kano aka ƙera ta ba, Larabci ce, kuma asalinta nufar wuri mai alfarma. Kiristocin Larabawa da kansu hajji suke ce wa zuwa Ƙudus. Je ka ƙasar Girka ka ga sunayen iyalai masu farawa da Haji, kakanninsu Kiristoci ne da suka je Urushalima. Ko Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga tun 1932, Allah aka rubuta a ciki, kuma ba wanda ya ce mun yi sata.

Hajiya Mai Tuwo, Makka: To tunda haka ne sai mu fara kiranta Hajiya ke nan? Ni shekarata 23 a garin nan ban taɓa jin wannan ba.

Sista ta Tabuk: Hajiya ban roƙi kowa suna ba. Sannu da zuwa kawai na nema.

Ɗalibin Madina: Injiniya, ma'anar lugga daban, ma'anar shari'a daban. Salla ma a lugga addu'a ce, amma ba ka ce wa wanda ya ɗaga hannu ya yi salla. Kuma Bahaushe in ya ji hajji, Makka yake gani.

Injiniya Ɗan Filato, Dammam: Wane Bahaushen? Kiristan Wusasa ta Zariya ba Bahaushe ba ne? Harshen nan tare muka gaje shi.

Direban Jidda: A gidajen rediyo ma "ziyarar ibada" nake ji suna cewa in Kiristoci za su tafi Isra'ila. Ban taɓa jin sun ce maniyyata ba.

Baban Tagwaye, Riyad: Ni kuwa na sha ji.

Direban Jidda: A wace tasha?

Baban Tagwaye, Riyad: Ba zan tuna ba yanzu, amma na ji da kunnena.

Dattijo na Yanbu: Ni Kirista ne, na kuma girmi yawancinku, bari in faɗi wadda ba za ta yi wa 'yata daɗi ba. Ba hajji ba ne, kuma ba don dalilin ɗalibi ba. Mu ba a ɗora mana zuwa ko'ina ba. A Yohanna sura 4 Ubangiji ya gaya wa matar Samariya cewa lokaci na zuwa da sujada ba za ta rataya ga wancan dutse ko Urushalima ba, sai cikin ruhu da gaskiya. Mun ga maƙwabta suna dawowa ana ce musu Alhaji, mu ma muka ƙirƙiro JP, laƙabin wanda ya ziyarci Urushalima, muna liƙawa a bayan suna. Na san wanda ya je sau 3, har yau bai biya bashin da ya ci a asusun matasa ba.

Injiniya Ɗan Filato, Dammam: Baba da girmanka, a gaban jama'a za ka kwance mana zani?

Dattijo na Yanbu: Gaskiya ba ta da ɗaki, ɗana. Kuma ko JP ɗin ma ba ta samu ba. J ɗin Urushalima ce da Turanci, ita kuwa a garin Madaba na Urdun ta tsaya.

Sista ta Tabuk: Baba, a Madaba na ga Urushalima a ƙasan cocin Jojis, taswirar da aka jera da ƙananan duwatsu tun ƙarni na 6, har ƙofofin birnin ana gani. Kuma daga Magtas ɗaya gaɓar ba ta fi jifa da dutse ba, muna ganin masu fararen riguna suna shiga ruwa a can. Ayarin sun haye zuwa Urushalima, ni na juyo saboda iƙamata, wato takardar zamana a Saudiyya, da aikina. Yohanna 1:28 cewa ta yi a hayin Urdun aka yi baftismar, wato ɓangaren da na tsaya. UNESCO ma wannan ɓangaren ta sa a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2015.

Injiniya Ɗan Filato, Dammam: Kuma hukumar NCPC, mai kula da ziyarar ibadar Kiristocin Najeriya, da kanta ta kai mutane Urdun a 2021 lokacin korona, da Isra'ila ta rufe ƙofa. Su ma za ka ƙwace musu JP ɗin, Baba?

Direban Jidda: Yauwa, an zo wurin. Wa ya biya wa ayarin kuɗin jirgi? Gwamnatin jiha ko?

Sista ta Tabuk: Ni na biya wa Mama, riyal a kan riyal, daga aikin dare.

Direban Jidda: Ke ɗaya. Sauran fa? Asibitin garinmu babu ko auduga, ana kwasar mutane yawon buɗe ido da kuɗin talakawa.

Injiniya Ɗan Filato, Dammam: Yawon buɗe ido? An kafa hukumar alhazai ta NAHCON a 2006, aka kafa NCPC a 2007. Kujerun da ake rabawa 'yan siyasa duk shekara, da kai kake ɗauko su daga filin jirgi, ban taɓa jin ka tambayi wa ya biya ba.

Direban Jidda: Ni haya nake yi, ba ni na raba kujera ba.

Hajiya Mai Tuwo, Makka: Shi da ya yi nasa hajjin ba tasrihi, wato ba takardar izini, ya bi ta bayan duwatsu da silifas, shi ne mai bakin magana a kan kuɗi.

Direban Jidda: Hajiya ki iya bakinki. Kuɗin kai miki buhunan gero wancan watan har yau ban gani ba.

Hajiya Mai Tuwo, Makka: Buhu 4 na ba ka, 3 suka iso.

Baban Tagwaye, Riyad: Jama'a don Allah, zauren nan akwai idanu da yawa, kuma duk a ƙasar mutane muke. A daina ambaton tasrihi. Sista, ruwan da na gani a gora a hoto na 7, na kogin ne?

Sista ta Tabuk: Shi ne Yaya. Mama ce ta ɗiba, za ta kai wa ƙanwarta da ba ta da lafiya.

Ɗalibin Madina: Kun gani? Har zamzam ɗin ma an kwaikwaya.

Dattijo na Yanbu: A nan kam na yarda da yaron. Ruwa ruwa ne.

Sista ta Tabuk: Baba ba ka ga fuskar Mama ba lokacin da ta durƙusa a kan katakon nan tana cika gorar, hannunta na rawa. Shekara 30 tana koya wa yara labarin kogin nan a makarantar Lahadi. Na shiga aiki, sai da safe.

Kawu Shugaban Zaure, Jidda: Assalamu alaikum. Na fito daga masallaci na tarar da saƙo sama da 60, na karanta duka. Ga abin da aka tsayar. 'Yarmu Sista ta je ziyara Urdun ta dawo lafiya, muna mata barka, Allah ya ƙara wa mahaifiyarta lafiya. Maganar kalma kuwa, kusan kowa ya yarda hajji na Makka ne, har Dattijo da yake nasu ya tabbatar, ɗalibinmu kuma ya kawo hujja mai ƙarfi, Allah ya ƙara masa ilimi. Zancen Girka da Injiniya ya kawo ba mu da hanyar tantance shi, don haka mun ajiye shi gefe. Batun kujeru siyasa ce, dokar zaure ta hana, kuma Injiniya ne ya zafafa ta. Hajiya da Direba ku same ni bayan Isha gobe a kan buhun gero. Waɗanda ba su biya kuɗin asusun jana'iza na wannan wata ba, mutum 9 ne, zan fitar da sunaye ran Asabar.