Yaron Birazil da muke gida ɗaya ya roƙe ni padrón, fasfonsa kuma yana hannun wani

Baban Hafsa, Barcelona:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ina juya maganar nan a raina kafin in kawo ta, don ba irin wadda ake faɗa a majalisa ba ce.

Shekarata tara a Sifaniya, takarduna daidai, ina aikin lodi a wani sito. Gidan da nake ciki ɗaki uku ne a L'Hospitalet, sunana ne a takardar haya, iyalina suna Damagaram. Wata biyar da suka wuce na ba wani yaro ɗan Birazil ɗaki guda. Ba zai wuce shekara 23 ba. Ga ladabi, har tukunyar da ba shi ya ɓata ba yakan wanke. Ya ce mini aski ya koya a garinsu. Abin da na lura kawai, yakan ɓace mako uku, ya dawo a rame, idanu jawur, ya kwana biyu yana barci.

Daren Lahadi na tarar da shi a kicin yana kuka, sai ya amayar da komai. Jikinsa yake sayarwa ga maza. Bai yi mini ƙarya ba, ya ce tun a can ya taɓa yi, kuma ya san abin da ya kawo shi ke nan. Abin da bai sani ba shi ne bashi. Wani ɗan ƙasarsu ya biya masa jirgi, ya ce Yuro 3,500 ne. Yanzu wata 14 da shigowarsa, bashin ya zama 6,000. Ana kai shi gidaje a garuruwa daban-daban, kwana 21 a kowane, abin da suke kira plaza. Masu gida su ɗauki rabi, mutumin ya karɓi sauran. Fasfonsa yana wurin mutumin, hotonsa kawai ya rage masa a waya.

Roƙonsa ɗaya ne: in sa masa hannu ya yi padrón, wato rajistar mazauna a ofishin hukumar gari, da adireshina. Tambayata, wannan zai taɓa mini takardu? In ya je wurin 'yan sanda, jirgi za su sa shi? Sannan ga zuciyata da ba ta kwanta ba, kun san dalili.

Malam Idi, Almería:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wace shawara kuma kake nema? Ka ba shi mako guda ya tattara komatsansa. Ka baro mata da 'ya'ya a gida kana neman halal, ka ajiye irin wannan a ƙarƙashin rufinka? Albarka ba ta zama inda ake wannan aiki.

Baban Hafsa:

Malam, ba a gidana yake yi ba. Ko sau ɗaya baƙo bai taɓa taka mini ƙofa ba.

Maman Khalil, Madrid:

Baban Hafsa, sannu da ƙoƙari. Ni tafinta ce a wata ƙungiyar da ke taimakon baƙin haure, ba lauya ba ce, amma na raka mutane da yawa wannan hanya. Bari in fara da abin da ya shafe ka.

Yi wa mutumin da yake kwana a gidanka da gaske padrón ba laifi ba ne, ko yana da takardun zama ko ba shi da su. Abin da dokar baƙi ta hana shi ne ka yi wa wanda ba a nan yake zaune ba rajista, kamar masu sayar da adireshi. Inda za ka iya samun matsala shi ne wurin mai gida, don doka ta ce sai da izininsa a rubuce za ka ba wani hayar ɗaki. Ka duba takardar hayarka tukuna.

Amma gaskiya padrón ba shi ne babbar magana ba. Ba za su ma yi masa ba sai da fasfo a hannu. Babbar magana ita ce wannan: an biya masa jirgi, an riƙe fasfo, bashi yana hauhawa, ana yawo da shi gari-gari. Waɗannan su ne alamomin fataucin mutane, sashe na 177 bis na dokar manyan laifuka. Cewa ya san aikin da zai zo yi bai wanke mutumin ba, tunda an yaudare shi a kan sharuɗɗa kuma an ɗaure shi da bashi. Yaran nan da yawa ba sa ganin kansu a matsayin waɗanda aka zalunta, musamman maza, sai su ce ai da ƙafata na zo.

Sashe na 59 bis na dokar baƙi ya ba irinsa kariya. Idan 'yan sanda suka ga alamun fatauci, ana ba shi aƙalla kwana 90 ya huta ya yi tunani, kuma a cikinsu ba a korarsa. Bayan nan yana iya samun takardar zama da ta aiki, ko don ya taimaka wa bincike ko don halin da yake ciki, ko kuma a taimaka masa ya koma gida in hakan ya zaɓa. Lambar 'yan sandan ƙasa ta wannan laifi ita ce 900 10 50 90, kyauta ce.

Sai dai don Allah kada ya shiga caji ofis shi kaɗai. An sha samun wanda ya je kai ƙara ya fito da takardar kora, don wanda ya tarar a kanta rashin takardu kawai ya gani. Ya fara zuwa SAIER, ofishin baƙi na birnin Barcelona, ko ƙungiyar Stop Sida, waɗanda sun daɗe suna aiki da maza masu wannan sana'a kuma ba sa yi wa kowa kallon banza. Su za su haɗa shi da lauya. Ya kuma yi gwajin jini tun yana can.

Ɗan Zango, Hamburg:

Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya: kada wani ya ruɗe shi da cewa ya gudo Jamus wai nan sana'ar halal ce a doka. E, doka ta yarda, amma tun 2017 sai ka yi rajista da hukuma, rajistar kuma tana son izinin aiki. Ɗan Birazil yana shiga ƙasashen Schengen, wato na Turai da suka buɗe wa juna iyaka, babu biza, kwana 90 cikin kowane 180, amma a matsayin ɗan yawon buɗe ido, ba mai aiki ba. Mu da muka sha layin ofishin jakadanci muna ganin sun ji daɗi, alhali wannan sauƙin shigar shi ne tarkon. Kwana na 91 ka zama mara takarda a dukkan ƙasashen, ba a Sifaniya kaɗai ba. Kuma in ya bar Sifaniya yanzu ya zubar da wata 14 da ya tara na zaman da ake lissafawa wajen neman takarda.

Yaya Hauwa, Dublin:

Nan ma 'yan Birazil sun yi yawa, akasari da takardar ɗaliban Turanci, wadda ta yarda da aikin awa 20 a mako amma ba ta yarda mutum ya yi sana'ar kansa ba. Dokar 2017 ta nan mai saye take hukuntawa, ba mai sayarwa ba, amma in mutum biyu suka yi aiki a gida ɗaya sai a kira shi gidan karuwai. A 2019 an yanke wa wasu mata biyu 'yan Romaniya ɗaurin wata tara a kan haka. Kowace ƙasa da nata ramin. Ya tsaya inda yake.

Baba Sale, Valencia:

Yaro, labarinka ya tuna mini da 2010. Ina nan ƙasar lokacin da 'yan sanda suka fasa wata ƙungiya mai kawo samari daga Birazil, yawancinsu daga jihar Maranhão, aka kama mutum 14. Ana ɗora musu bashin da ya kai Yuro 4,000, ana ɗura musu hodar iblis da Viagra don su yi aiki dare da rana. Ka tambayi yaronka me ake ba shi a gidajen nan. Jan idon da kake gani ba na rashin barci kaɗai ba ne.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne zuciya. Kada ka ce za ka je ka karɓo fasfo da hannunka, kuma kada ka biya ko sisi daga bashin, don rijiya ce marar ƙasa. Fasfo abu ne mai sauƙi: akwai ƙaramin ofishin jakadancin Birazil a nan Barcelona, suna yin sabo, in kuma gida yake so suna da takardar komawa. Tambayar da ta fi muhimmanci, mutumin ya san gidanka? Ya san inda uwar yaron take? Ka faɗa wa lauya wannan tun farko.

Maman Khalil:

Baba ya taɓo inda na manta. Sannan ko da 'yan sanda ba su amince fatauci ba ne, akwai arraigo, wato takardar zama da ake ba wanda ya daɗe a ƙasar. Daga 20 ga Mayu 2025 an rage zaman daga shekara uku zuwa biyu, saura masa wata 10 ke nan. Zai buƙaci shaidar cewa bai bar ƙasar ba, don haka ya adana komai, rasidin aika kuɗi, takardar asibiti, tikitin jirgin da ya shigo da shi. Zai buƙaci takardar rashin laifi daga Birazil, da kwantiragin aiki na aƙalla awa 20 a mako ko kwas ɗin da hukuma ta amince da shi. Kuɗin wancan aikin ba ya shiga lissafi, don a Sifaniya ba a haramta shi ba, ba a kuma ɗauke shi aikin kwantiragi ba. A ƙasarsu kam tun 2002 yana cikin jerin sana'o'in ma'aikatar ƙwadago, shi ya sa wasunsu ke zaton ko'ina haka ne. Abin haushi a gare mu, da ya samu takardar zama, shekara biyu ta ishe shi neman zama ɗan ƙasa. Ni 'yar Kano sai goma.

Malam Idi:

Na karanta duka. Ra'ayina a kan aikin bai canja ba, haramun ne. Amma ban san riƙe shi aka yi da bashi ba, na yi gaggawa. Fitar da mutum daga hannun azzalumi ba taya shi saɓo ba ne. In ka kore shi, wancan gidan zai koma ya tare gaba ɗaya. Ka kafa masa sharaɗi kawai, gidanka ba wurin wannan ba ne.

Baban Hafsa:

Allah ya saka da alheri. Na zauna da shi jiya, na fassara masa maganar Hajiya da ta Baba. Mutumin bai san gidan ba, a tashar jirgin ƙasa suke haɗuwa, amma ya san gidan uwarsa, kuma ya taɓa aika masa hoton ƙofar. Shi ya sa da na ambaci 'yan sanda jikinsa ya hau rawa, ya ce ba yanzu ba. Ya yarda dai mu je wurin ƙungiyar ranar Alhamis, na nemi hutun rabin yini. Mai gida ya ce zai sa hannu in na ƙara masa Yuro 40 a wata, na amince.

Matsalar yanzu, Asabar ake jiransa a Zaragoza don sabuwar plaza. Hajiya, in bai je ba me zai ce wa mutumin?

Maman Khalil:

Kada ya ce ya daina, kada kuma ya toshe lambarsa ko ya goge saƙonni, shaida ce. Ya ce ba shi da lafiya, likita ya ce ya huta mako guda. Ranar Alhamis ku fara da hoton ƙofar nan kafin komai.