Neman shawara: wani kamfani yana bi na bashin harajin gwamnatin Amurka

Mai tambaya, direba a Bronx:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina tuƙin Uber a New York tun 2018, kuma kamar yadda kuka sani, mai aiki da takardar 1099 ba a cire masa haraji daga abin da ya samu, shi zai ware na gwamnati da hannunsa. Ni ban ware ba. Na cike takardun 2019 da 2020, suka nuna ana bi na dala 6,400, ga annobar korona ta riga ta tsayar da aiki, na sauya gida sau biyu, maganar ta fita daga raina. A makon jiya wasiƙa ta iso daga wani kamfani mai zaman kansa wanda ya ce hukumar haraji ta IRS ta miƙa masa bashina, bayan kwana biyu kuma wata mata ta kira ni a waya. Na kashe wayar saboda tsoron 'yan damfara. Shin gwamnati tana ba 'yan kasuwa irin wannan aiki? Za su iya taɓa asusuna na banki? Ina da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, kuma ina shirin neman zama ɗan ƙasa baɗi, abin da ya fi hana ni barci ke nan.

Wata 'yar uwa mai aikin cike takardun haraji a Maryland:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi daidai da ka kashe wayar, amma abin yana iya zama gaskiya. Majalisar dokokin Amurka ta zartar da doka a ƙarshen 2015 wadda ta wajabta wa IRS miƙa tsofaffin basussukan da ba ta bibiya ga kamfanoni, aka fara aiki da ita a 2017. Kwangilar da aka sabunta a 2021 ta faɗa hannun kamfanoni uku: CBE Group, Coast Professional da ConServe. Fara duba sunan da ke kan wasiƙarka, ka kuma gwada shi da sunayen da ke shafin IRS na intanet.

Ƙa'idar ita ce IRS ce take fara aiko da tata wasiƙar mai lamba CP40, sannan kamfanin ya aiko da tasa, bayan haka ne yake da damar kira. Dukansu biyun suna ɗauke da lambar tantancewa iri ɗaya, kuma idan an kira ka, kai ka faɗi wani ɓangare nata, mai kiran ya faɗi sauran. Wanda ya kasa cikawa ba nasu ba ne. Tunda ka sauya gida, ina kyautata zaton ta farkon ta tafi tsohon adireshinka, don haka ka buɗe asusunka a shafin IRS ka ga ko an rubuta cewa an miƙa bashin. Ko sisin kwabo kada ka tura da sunan kamfani. Kuɗin na baitulmalin Amurka ne, kuma idan cek ne, United States Treasury ake rubutawa a kai. Duk wanda ya nemi katin kyauta na iTunes ko Google Play, ko ya ambaci 'yan sanda da kora daga ƙasa, ɓarawo ne.

Game da asusunka, kamfanin ba shi da ikon riƙe kuɗin banki ko yanke albashi ko ɗora hannu kan kadara. Wannan iko na IRS ne kaɗai. Abin da kamfanin zai iya shi ne ya tsara maka biya kaɗan kaɗan, har zuwa shekara 7.

Wani dattijo a Greensboro:

Ɗana, Hajiya ta yi bayani mai kyau, sai dai ni ban ga dalilin da zai sa ka zauna da kamfanin ba. Doka ta yarda a biya su la'ada har kashi 25 cikin 100 na abin da suka tattaro, saboda haka abincinsu yana cikin ka amince da adadi mai yawa kowane wata, ko da kuɗin haya da na cefane za su taɓu. An gwada wannan tsari a 1996, aka sake gwadawa daga 2006 zuwa 2009, duka biyun aka dakatar, kuma Nina Olson, wadda ta shugabanci ofishin kare masu biyan haraji a cikin IRS daga 2001 zuwa 2019, ta sha kokawa cewa talakawa ne suka fi faɗawa hannunsu. Shi ya sa dokar 2019 ta hana a miƙa bashin wanda samunsa bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya ba, da wanda kusan duk samunsa tallafin naƙasa ne.

Kana da haƙƙin rubuta wa kamfanin wasiƙa cewa ba ka son hulɗa da shi, sai ya mayar da fayil ɗinka ga IRS. Amfanin hakan shi ne hukumar ce kaɗai take iya duba halin da kake ciki ta jingine bashin na wani lokaci, ko ta karɓi ƙasa da abin da ake bin ka idan ka cika sharuɗɗa.

'Yar uwar ta Maryland:

Baba, na yarda da kai idan yana cikin matsi, amma a gaya masa ɗaya gefen. Ko fayil yana hannun wa, tarar jinkiri ta rabin kashi ɗaya cikin 100 a kowane wata tana hawa har ta kai kashi 25, ga kuɗin ruwa a kai, kuma komawa IRS komawa ce ga mai ikon taɓa asusun banki. Idan ya mayar da fayil ya sake yin shiru, ya ƙara wa kansa ciwo. Kuma fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, yana tambaya ƙarara ko ana bin mutum harajin da lokacinsa ya wuce. Ƙanena, ka amsa da gaskiya, ka riƙe takardar yarjejeniyar biya da shaidar watannin da ka biya, ka kuma nuna wa lauyan shige da fice kafin ka miƙa.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri Yaya, na gode Baba. Na shiga asusun a daren jiya, bashin gaskiya ne, har ya haura dala 8,000 saboda tara da ruwa, kuma sunan kamfanin yana cikin ukun. Ina iya fitar da dala 250 a wata ba tare da na taɓa abin da nake aika wa mahaifiyata ba. Gobe zan kira IRS in gyara adireshina, in nemi su sake aiko mini da lambar tantancewar kafin in ɗaga wayar kowa. Yaya, da wannan adadin, in tsaya da kamfanin ne ko in rubuta wasiƙar da Baba ya ce?