Kare katakon bangon banɗaki daga laima

Abin da kafintoci suka fi nanatawa a wata tattaunawa kan sa katako a bangon banɗaki shi ne a shafa wa katako banish, wato man da ke kare shi daga ruwa, ta ko'ina tun kafin a kafa shi, har bayansa da bakin da zarto ya yanka. Ta bakin nan ruwa ya fi shiga, domin yana tsotsewa kamar soso. Shafi uku suka ba da shawara, ana gogawa da samfefa tsakanin kowane shafi. Mutane da yawa fuskar kawai suke shafawa, sai katakon ya ruɓe ta ciki, su kuwa ba su sani ba.

Kada a manna shi kai tsaye jikin siminti. A fara kafa siraran katakai a bango, a ɗora shi a kansu don iska ta riƙa ratsawa ta baya. A bar tazarar kamar santimita 1 daga ƙasa, saboda ruwan buta da na bokiti da ke kwanciya. Kusoshi kuma a nemi waɗanda ba sa tsatsa.

An yi saɓani kan wurin wanka. Wasu sun ce katakon iroko ko na tik za su jure, wasu suka ce tayil kawai. Ni ina tare da na biyun, katako ya tsaya daga nesa. MDF kuwa, wato allon da ake haɗawa da garin katako da gam, duk sun yarda a guje shi, da ya sha ruwa sai ya kumbura.

Taga ko fankar fitar da tururi wajibi ce, musamman da damina, kuma a yi feshin maganin gara kafin a rufe bayan.