Sabon kamshaf a injin Fijo 504: matsi nawa man Kano zai ɗauka?

Mai Fijo, Gwale:

Assalamu alaikum. Ina sake haɗa injin Fijo 504 mai cc 1971, kuma na samu kamshaf na gudu, wato sandar da ke buɗe bawul tana rufe su, wanda takardarsa ta nuna digiri 280 na juyin inji bawul yana buɗe, yana rufe bawul ɗin shan iska a digiri 70 bayan fistin ya kai ƙasa. Da na auna matsin injin, wato yawan ninkin da fistin ke matse iska da mai a silinda, na samu 8.8 bisa 1. Mai sayar da kayan ya ce wannan kamshaf yana son 10.5 bisa 1 da fetur mai lamba 91, wato lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi, ni kuwa na ji ana cewa man gidajen manmu ma wajen 91 yake. Shin in kai tof silinda a kankare har in kai 10.5 ɗin? Motar ta hawan yau da gobe ce, amma ina yawan bin hanyar Zariya da ita.

Tsohon bakanike, Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da kankarar nan tukuna, domin abin da aka kankare ba ya komawa. Gaskiya ne kamshaf irin naka yana buƙatar ƙarin matsi. Idan bawul bai rufe ba sai digiri 70, fistin ya riga ya hau kusan kashi ɗaya bisa huɗu na tafiyarsa kafin ya fara matse komai, saboda haka a ƙaramin gudu wani ɓangare na iskar da ya sha yana komawa ta inda ya shigo. Idan ka bar 8.8 yadda yake, matsin da injin zai ji a zahiri bai kai 7 ba, kuma za ka ga motar ta yi sanyin jiki a tashi, sulo ba ya zama, sai ta ɗauki wuta sosai sannan ta farka. A cunkoson Kantin Kwari wannan wahala ce babba.

Sai dai 10.5 ya yi yawa a ganina. Kowace silinda taka tana ɗaukar cc 493. Matsin 8.8 yana nufin sararin da ya rage a sama cc 63 ne, 9.5 yana son cc 58, shi kuwa 10.5 sai an sauko zuwa cc 52. Milimita ɗaya ta kankara ba ta cire fiye da cc 6, ka ga ke nan sai an ci kusan milimita biyu ko fiye, kuma a nan ne bawul zai iya taɓa kan fistin. Ni da 9.5 zan tsaya, in auna sararin da sirinji da man juye maimakon dogara da lissafin mai injin kankara, sannan in ɗora laka a kan fistin in juya injin da hannu domin in ga tazarar bawul.

Injiniya, Sharaɗa:

Baba ya gama magana a kan ƙarfe, ni zan ƙara a kan mai. Malam, ka duba ƙasar da aka rubuta takardar kamshaf ɗin, domin wataƙila 91 ɗin da mai kayan ya faɗa na ma'aunin can ne. A Amurka lambar da ke jikin famfo matsakaici ce tsakanin gwaji biyu na auna juriyar fetur, RON da MON, mu kuwa da Turai RON kaɗai ake faɗa, kuma tazarar da ke tsakani maki 4 zuwa 5 ce. Ma'ana 91 na Amurka ya yi daidai da 95 ko 96 a namu ma'aunin, namu 91 ɗin kuma wajen 87 ne a nasu. Kuma a nan ba ka da zaɓin famfo na biyu mai lamba mafi girma.

Akwai kuma zafi. A watan Afrilu Kano tana kai digiri 40, iska mai zafi kuwa tana sa cakuɗar mai ta fashe da kanta kafin wutar fulogi ta gama cinye ta. Wannan ita ce ƙarar da ake ji kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani idan an taka totur a babbar giya, kuma ita ke fasa gefen fistin, ta karya ringi, ta ƙone gasket. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin ƙarar ta ja tayimin baya, wato ta jinkirta tartsatsin fulogi, amma 504 ba ta da ita, kunnenka ne kaɗai mai gadi. Kada kuma a ɗauka cewa dogon kamshaf ya kawar da haɗarin, domin idan injin ya ɗauki wuta silinda tana cika sosai, matsin da ya zube a ƙaramin gudu ya dawo.

Mai Fijo, Gwale:

Na gode ƙwarai. Takardar daga Amurka take. To idan na kai 10 bisa 1, na ja tayimin baya, na riƙa zuba maganin ƙara lambar mai fa?

Tsohon bakanike, Ƙofar Ruwa:

Ban ba ka wannan shawara ba. Jan tayimin baya yana kashe ƙarar, amma yana tafiya da ƙarfin da ka kashe kuɗi dominsa, kuma yana gasa bawul ɗin hayaƙi. Yawancin magungunan kwalba abin da suke ƙarawa kaɗan ne, ba za su cike maki 4 ba, ga shi ranar da ka sha mai a ƙauye ba lallai kana ɗauke da su ba. Tunda motar hawa ce, da ni ne zan nemi kamshaf mai digiri 260 zuwa 270, in tsaya tsakanin 9.2 da 9.5, in wanke lagireto, in gyara kafireto kada mai ya yi ƙaranci a babban gudu. Idan ka haɗa, ka gwada ta da tsakar rana a giya ta huɗu, tagogi a buɗe, ka taka daga ƙaramin gudu kana saurare.