Dan Allah ku ba ni shawara, kilan ɗinmu na neman rabewa a kan Yayana

Auta na Ringim: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ni ne lida a kilan ɗinmu, wato ƙungiyarmu ta 'yan wasa, na Clash of Clans, gem ɗin yaƙi da ake yi a waya, mu 41 ne, yawanci 'yan ƙauye ɗaya ne a ƙasar Ringim sai wasu daga Taura da Garki. Asali ba ni na buɗe shi ba, Yayana ne ya buɗe a 2017 da ya dawo daga ci-rani da wata waya mai tsagaggen gilashi, a wayar nan na koya, in ya tafi isha'i sai ya bar min ita a kan tabarma ya ce in kwashe masa zinare kar in taɓa sojojinsa, shi ya bi samarin unguwa ɗaya bayan ɗaya yana saka musu gem ɗin, har kuɗin caji yana biya wa wasu a shagon da ke gindin darbejiya. Da ya yi aure a 2021 hidima ta yi masa yawa sai ya miƙa min ragama.

To yanzu Allah ya ɗaga mu mun kai lig ɗin Masta, ɗaya daga cikin manyan matakan gasar yaƙin kilan, kuma kun san a gasar wata-wata atak ɗaya ne, wato hari ɗaya, ga kowane mutum a rana har kwana bakwai. Watan jiya Yaya ya rasa biyu. Ɗaya yana gonar riɗi har magariba waya tana wurin mai caji, ɗayan kuma da idona na gan shi ya hau tudun bayan makaranta yana neman sabis, ya saki rabin sojoji ke nan sabis ɗin ya ɗauke. Taurari huɗu, wato makin da ake samu a atak, suka hana mu haurawa mataki na gaba. Yanzu manyan kilan su tara sun ce ko in cire shi da duk masu leƙowa jefi-jefi daga jerin yaƙi ko su fita. Su kuma ƙananan suna cewa shekara nawa suna ba da sojoji amma ba su taɓa shiga yaƙin lig ba sai dai kallo. Farkon wata ya ƙarato, ya zan yi?

Kwamanda Wudil: Wa'alaikumussalam. Ƙanina maganar nan ba ta da tsawo, cire shi. Shekara takwas ina wannan gem ɗin, kilan uku na riƙe. A yaƙi na yau da kullum ana duba ƙarfin gidajenku a haɗa ku da daidai ku, amma a lig babu wannan, matakinku kawai ake dubawa, kilan takwas a rukuni, kowa da kowa. Ka sa mai TH 12 (TH shi ne Town Hall, matakin gidan ɗan wasa) ya tarar da TH 16 a gabansa, me kake so ya yi? Kuma duk yaƙin da aka ci akwai ƙarin taurari 10, ke nan atak ɗaya da aka bari yana iya jawo asarar goma sha wani abu. Masta ba wurin koyo ba ne.

Ɗan Gujungu: Auta ba ka faɗa mana TH ɗin Yayan naka ba, kuma mutum 15 kuke shiga yaƙin ko 30?

Auta na Ringim: 15 muke shiga. Kwamanda na gode amma ba rashin iyawa ne matsalar Yaya ba, in ya samu zama yana cin biyu lafiya lau. Damina ce.

Kwamanda Wudil: Damina ai kowa ita yake ciki. Ni ma ina da shinkafa a fadama, asuba nake yin nawa kafin in fita. Minti uku ne fa atak. Wanda bai da minti uku cikin awa 24 ba ya so ne kawai.

Malam na Kafin Hausa: Kwamanda a yi sassauci. Minti uku ne ga wanda ke da wuta da sabis a ɗakinsa. Auta ga lissafi, 15 sau 7 atak 105 ke nan, kuma lida yana iya canza jeri kullum a ranar shiri. Duk wanda sunansa ke cikin rajista yana da kashi 20 na lambobin ladan gasar ko bai fita ba, kowane tauraro yana ƙara kashi 10, in ya kai takwas ya cika. Mai cin bibbiyu kwana huɗu ya ishe shi. Ka bar gurbi 11 ga manya, huɗu na ƙasa a riƙa juyawa, kowa ya faɗi ranar da yake da sarari tun kafin a fara. Yayanka ka ba shi Juma'a da ranar da ba ya zuwa gona.

Sarkin Caji: Ni dai tunda an taɓo maganar caji bari in faɗi nawa. Kullum laifin mai caji, mutum zai kawo waya batir ya kumbura kamar fanke ya ce a cika masa cikin awa ɗaya, ga mai ya yi tsada, janareta na sha kamar me, in ka ƙara naira hamsin a yi ta ƙorafi, wasu ma bashi ne tun sallar layya kuma a shagona suke zama su yi yaƙin nasu a kan bencina.

Ɗan Gujungu: Ku koma 30 kawai kowa ya samu wuri. Mu haka muka yi. Gaskiya mun sauko daga Kiristal zuwa Gwal amma ba wanda ya fita, ranar Lahadi bayan an tashi kasuwa mukan haɗu wurin mai shayi kowa ya yi nasa ana ba shi shawara.

Kwamanda Wudil: Ka ji ko, sun sauko. Abin da nake faɗa ke nan. Lambobin da ake samu a sama sun fi na ƙasa, ke nan ka rage wa mutum tara da suka yi wahala don ka faranta wa waɗanda ba su damu ba. Kuma masu gem ɗin ai sun yi wa masu ƙaramin lokaci nasu, tun 2022 aka kawo babban birnin kilan, duk ƙarshen mako kowa na da atak biyar har da ƙarin ɗaya, ba ruwansa da TH ɗinka. A 2025 kuma suka cire jiran horar da sojoji gaba ɗaya. Me kuma ake so a yi musu, a ɗauke su a goya?

Auta na Ringim: Wallahi ba wanda ya ce a goya shi. Na ƙarshen mako suna yi, Yaya bai taɓa fashi ba. Amma ba ɗaya ba ne, ranar yaƙin lig duk majalisa maganarsa ake, wa ya ci uku wa ya faɗi, su kuma suna gefe kamar baƙi. 30 kuma na kawo maganar tun bara manyan suka ƙi. Juyawar da Malam ya faɗa na taɓa gwada irinta sau ɗaya, wanda na ajiye ranar ya yi fushi sati biyu ba ya amsa sallamata.

Malam na Kafin Hausa: Ka sanar da su kafin a fara ko kuwa da safe ya tashi ya ga babu sunansa?

Auta na Ringim: Lokacin ina hanyar Kano ne, ban samu na yi bayani ba, amma ai ya kamata ya fahimta.

Ɗalibi daga Dutse: Wannan rigimar ba a kanku aka fara ba. A World of Warcraft da ake yi a kwamfuta, manyan dodannin ƙarshe sai ƙungiyar da ke haɗuwa a tsayayyen lokaci take ganinsu, sai a 2011 kamfanin Blizzard ya kawo hanyar da za ta haɗa mutum 25 da ba su san juna ba su shiga wuri ɗaya amma an sassauta shi, ladan ma bai kai na mai wuyar ba. Har yau wasu tsofaffin 'yan wasa na cewa an zubar wa abin da daraja, wasu na cewa da ba don haka ba da ba su taɓa ganin ƙarshen labarin da suka biya kuɗinsa ba. Ni shawarata ku buɗe kilan na biyu, duk farkon wata ƙananan su koma can su yi lig ɗinsu daidai ƙarfinsu, Yayanka ya zama lida a can.

Auta na Ringim: Ɗan uwa in ce wa Yaya ya fita daga kilan ɗin da ya raɗa wa suna da bakinsa? Gida ɗaya muke fa, kwano ɗaya muke ci da dare. Inna ma sai ta ji.

Maman Walida: Ni mijina ne yake yi, ni nake riƙe masa fitila wani lokacin. Abin da ke damuna da ku shi ne ba wanda ya tambaya ko shi Yayan an yi magana da shi. Wataƙila shi ma nauyin abin yake ji yana jin kunyar faɗa. Nawa ranar da ya faɗi atak ko tuwo bai ci ba, da shuka ta zo da kansa ya ce a ajiye shi wata biyu.

Kwamanda Wudil: Hajiya ta gama magana, mai hankali da kansa yake janyewa. Auta in ka tsaya kunya taran nan za su tafi, kuma in sun tafi wata biyu ba za ku yi a Masta ba, sai ka ga wa za ka juya a gurbin. Ni akwai wuri a nawa, in sun fito ka turo min su.

Malam na Kafin Hausa: Haba Kwamanda, yaro ya zo neman gyara kai kana zawarcin mutanensa. Kuma ba abin da Hajiya ta ce ke nan ba.

Ɗan Gujungu: Har yanzu dai ba a faɗa mana TH ɗinsa ba. Kuma lambobin kyauta da lida ke rabawa bayan an gama, wa kake ba?

Auta na Ringim: Waɗanda suka fi kawo taurari nake ba, haka na tarar ana yi, ba son kai ba ne. Maman Walida ban yi masa maganar ba tukuna, ba na so ya ji kamar ƙaninsa na korarsa. Jiya da dare ma ya nuna min sabon tsarin gidan da ya yi saboda yaƙin wata mai zuwa, ya ce ya roƙi mai caji ya riƙa ajiye masa soket ɗaya. Taran kuma sun sake turo min saƙo yanzu wai zuwa jibi suke jira. Akwai wanda ya taɓa yin juyawar nan a Masta bai sauko ba?