Wa ke zuwa asibiti ba tare da ciwo ba?

Maman 'Yan Biyu (Yelwa, Garwa): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya mun yi ta musu da maigidana har tuwo ya huce. 'Yan biyuna suna da shekara ɗaya da wata huɗu, kuma tun allurar wata tara ban sake taka asibiti da su ba, tunda lafiyarsu ƙalau, suna ci suna ɓarna. Ina kakkaɓe akwati sai na ci karo da karnensu, wato katin alluransu, na ga akwai layukan da ba a cika ba. Shi ya ce mai lafiya ba ya neman likita, kuɗin mashin kawai zan ƙona. Ku sau nawa kuke kai yara awo in ba ciwo? Ku kanku fa?

Gwaggo (Sabongari, Ngaundere): Wa alaikumus salam 'yata. Mu a zamaninmu da an yi ta ƙyanda shi ke nan, an sallame ki. Tara na haifa, haka na yi musu duka.

Nas (Domayo, Marwa): Gwaggo, Allah ya ƙara girma, amma yanzu lissafin ya canza. Maman 'Yan Biyu, ɗauko karnen ki duba tare da ni. Ranar haihuwa akwai ta tarin fuka a hannu da ɗigon shan inna. Sai mako 6, mako 10, mako 14, su ne na cinya da ke sa zazzaɓi. Wata 9 ƙyanda da shawara. To akwai ta ƙyanda ta biyu a wata 15, ita ce iyaye suka fi mantawa, kuma naki sun wuce lokacinta da wata ɗaya. Ba a makara ba, ki kai su a wannan makon, kyauta ne. Ba za a sake farawa daga farko ba, daga inda kika tsaya za a ɗora. Sannan bitamin A duk wata shida har su kai shekara biyar, da maganin tsutsar ciki tunda sun wuce shekara.

Maman 'Yan Biyu: Ikon Allah. Wallahi ban san da ta wata 15 ba. Ta zazzaɓin sauro kuma an yi musu uku, na ɗauka an gama.

Nas: Huɗu ce. Wata 6, 7, 9, sai ta ƙarshe in yaro ya cika shekara biyu. Kamaru ce ƙasar farko da ta sa ta cikin alluran yau da kullum, a Janairun 2024, aka fara da gundumomin lafiya 42. Wanda bai tabbata ko gundumarsu na ciki ba ya tambaya a asibitin unguwa. Amma don Allah kar a ce an yi allura a naɗe gidan sauro. Rage haɗarin take yi, ba ta kore shi gaba ɗaya. Haka ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin sauro na damina da ake bi gida gida da su a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara biyar. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa suke. Nan ake samun matsala. Na sha shiga gida in tarar da su a kan taga, rana ta gama da su.

Gwaggo: Ai ɗaci ne da su, jikana amayar da su yake yi.

Nas: A narka a ɗan ruwa a cokali, a sa sukari kaɗan, a ba shi bayan ya ci abinci. In ya amayar nan take a gaya wa wanda ya kawo, kar a yi shiru.

Malamin Firamare (Lagdo): Ni ƙorafina a kan yaran da suka wuce biyar ne. Da yaro ya shiga makaranta sai a manta da shi. A nan bakin tafki yaro zai yi ta fitsarin jini, iyaye su ce ai alamar girma ce, ubansa ma ya yi. Tsargiya ce fa, daga wanka da kamun kifi a ruwan da ke kwance ake ɗaukarta, kuma tana cin mafitsara a hankali. Ana kawo maganinta makaranta, a auna tsayin yaro da sanda a ba shi daidai da shi. Ranar da aka zo rabo sai ka ga rabin aji ba su zo ba. Wani abin kuma ido. Na taɓa yin wata yarinya da na ɗauka ba ta da kai, shekara guda ina mata faɗa. Ashe allo ne ba ta gani daga baya. Har yau in na tuna kunya nake ji. Shawarata, ɗan makaranta a kai shi sau ɗaya a shekara a lokacin dogon hutu, a duba ido, haƙori, fitsari da nauyi.

Direban Tanka: Ku kuna ta yara. Ni bari in faɗi tawa. Shekara 47 ban taɓa sa hannu a na'urar tansiyon, wato ta awon hawan jini, ba sai bara, da abokin aikina ya yanke jiki ya faɗi muna shan shayi a tasha, ɓarin jikinsa ya shanye. Mutum ne da ko mura ban taɓa ji ya yi ba. Na ce gemun ɗan'uwa ya kama wuta. Na shiga farmasi aka gwada ni, 17 da 10. Matar ta sake gwadawa, ta dube ni ta ce Alhaji da ƙafarka ka zo? Kuma wallahi ba abin da ke mini ciwo.

Nas: Haka yake, Alhaji, hawan jini ba ya sallama. Daga 14 da 9 zuwa sama, in an maimaita a ranaku daban aka same shi haka, to ya hau. Babba ya gwada aƙalla sau ɗaya a shekara, musamman daga shekara 40. Sukari ma haka, da safe kafin a karya. In ya kai giram 1.26 a lita a sake gwadawa, in ya maimaita sai ganin likita. Wanda ya riga ya kamu kuwa ba shekara zai jira ba, ranar da likita ya rubuta masa ita zai bi, kuma mai sukari a duba masa ido duk shekara.

Kawu Mai Shago: Ni fa ina da ja. Na taɓa bin irin wannan shawara na je wani asibitin kuɗi na ce bilan nake so, wato a duba ni gaba ɗaya. Aka rubuto mini takarda gaba da baya, jini kwalba biyar, hoton ciki, hoton ƙirji, kusan jaka 60 na sefa. Ƙarshenta aka ce lafiyata lau, in rage mai. Wannan ai matata ta gaya mini kyauta.

Direban Tanka: Kawu, ai ka ci riba, jaka 60 ka sayi barci.

Kawu Mai Shago: Barcin da nake yi tun da can?

Nas: Kawu yana da gaskiyarsa. In ka shiga ka ce a duba komai, komai za a rubuta maka. Ka faɗi abin da kake so: tansiyon, sukari, nauyi. Waɗannan ba su da tsada. Sai guda biyu da ake yi sau ɗaya a huta. Na farko ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a arewacin nan. Sai a 2005 aka sa rigakafinsa cikin alluran jarirai a Kamaru, don haka duk wanda aka haifa kafin nan bai samu ba sai in da kansa ya nema. In gwaji ya nuna ba ka da shi, allura uku ce. Na biyu gwajin sikila, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba bayan an sa rana ba.

Amarya (Kuseri): Yaya Nas, ni cikina wata uku, surukata ta ce in bari sai ya fito kafin in fara awo, kar a sa mini ido.

Nas: Ƙanwata, ki sa babban hijabi ki tafi, ba wanda zai sani. A cikin wata ukun farko ake so a fara. Da sau huɗu ake cewa, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi takwas. Ki tambayi cek sante a asibitin da za ki, jaka 6 ne, ya haɗa awo, haihuwa ko da ta tiyata ce, da kula da ke da jariri har kwana 42. Ki gaya wa Inna a hankali, ko ma ki ce ta raka ki.

Gwaggo: Ki ce Gwaggon Ngaundere ce ta ce. Ido ba ya hana awo, a yi addu'a a tafi.

Mai Kiwo (Pitowa): Tunda ana maganar gida, dabbobi fa? Na ga ba wanda ya taɓo su. Awaki da tumakina ba sa tsallake allurar annobar nan mai sa su majina da zawo, maganin tsutsa kuma farkon damina da ƙarshenta. Kaji kafin hunturu ya shigo. Ga LANAVET, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, nan a Bokle kusa da mu, su ke yin alluran, ba sai an jira daga Turai ba. Abu ɗaya da zan roƙi masu kiwon ragon Layya: in an yi wa rago allurar magani, akwai kwanakin jira a rubuce jikin kwalba kafin a yanka. A karanta, don yaranmu ne za su ci naman.

Direban Tanka: Malam, kai yaushe rabonka da gwada naka jinin?

Mai Kiwo: Alhaji, a bar wannan maganar.

Maman 'Yan Biyu: Irin maigidana ke nan. Rago ya yi tari sau ɗaya an kira likitan dabbobi, shi kuwa ciwon kai mako guda sai farasitamol da goro. Muna da mage ma, yaran ba su da abin wasa sai ita. Ita ma allura ake mata?

Ɗalibin Likitan Dabbobi (Njamena): Ƙwarai kuwa Hajiya. Mage na ɗaukar haukan kare, kuma tana ba mutum ta cizo ko yaƙushi. Kare da mage ana fara musu daga wata uku, sannan a maimaita duk shekara, a riƙe takardar. Tunda yaranki na birgima da ita a ƙasa, a riƙa ba ta maganin tsutsa kamar duk wata uku, kuma mai ciki kar ta kwashe kashinta. Nan Njamena a 2012 da 2013 an bi unguwa unguwa ana yi wa karnuka allura kyauta, aka samu sama da kashi 70 cikin ɗari, cutar ta yi ƙasa sosai, daga baya ta dawo ta karnukan da ke shigowa daga wajen gari. In kare ko mage ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a tafi asibiti a ranar. Kar a tsaya shafa toka ko ɗaura gashin karen. Da zarar alamun sun bayyana ba a tashi. Kuma kar a yi gaggawar kashe dabbar, a tsare ta likita ya sa mata ido. Ku riƙa saurare wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ce, a kan yi allura da rahusa ko kyauta a wurare da dama.

Kawu Mai Shago: Karen shagona shekararsa shida, ban taɓa ba.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Kawu, wannan kam ba ta kai jaka 60 ba. Ka sa yaro ya ja shi ofishin dabbobi.

Maman 'Yan Biyu: Na karanta wa maigida saƙon Alhaji Direba, ya yi shiru, can ya ce shi ma in an je sai a ɗan gwada shi, wai don ya nuna mini ba komai. Yaya Nas, kowace rana ake allurar ko akwai ranarta?

Nas: Ta ƙyanda yawancin ƙananan asibitoci suna ware mata rana, don kwalba ɗaya ta yara da yawa ce, in an buɗe kuma awa shida ne sai a zubar. Ki aika a tambayo miki yau. Ki je da sassafe da karne biyun, shi kuma kar ya sha shayi kafin ku fita.